Sharhi: Binciken kasuwa, matakin da ƙananan 'yan kasuwa ke tsallakewa kafin zuba jari

Duk wanda ya bi ta bakin titi a Nyanya ko Mararaba, ko Agege a Legas, ko Sabo a Ibadan, zai ga lema bayan lema ta masu sana'ar POS, wani lokaci huɗu ko biyar a jere, kowa na jiran mai cire kuɗi ɗaya ya ɓullo. Da yawa daga cikinsu sun shiga sana'ar ne bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da masu na'urar suka riƙa karɓar ladan da ya ninka wanda aka saba sau da yawa. Da kuɗi suka wadata a bankuna, ladan ya koma ƙasa, amma lemomin ba su ragu ba.

Irin wannan ya faru a sana'ar ruwan leda, da kiwon kaji, da shagunan cajin waya, da sayar da kaya ta WhatsApp. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya sauya babur ko ya yi wa gida fenti, sai ya ɗauki kuɗin sallamarsa na aiki, ko kwasar adashi, ko rancen banki, ya buɗe irin wannan sana'a a layi ɗaya da shi. Bai tambayi masu saye nawa ne a wurin ba, bai kuma lissafa ko cinikin da ke ciyar da mutum ɗaya zai iya ciyar da biyar ba.

Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ya nuna cewa irin waɗannan sana'o'i sun kai miliyan 41.5 a 2017, amma zuwa ƙarshen 2020 sun koma kimanin miliyan 39.6. Binciken ya kuma nuna cewa su ne ke samar da fiye da kashi 46 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa, kuma mafi yawan masu aiki a Najeriya a cikinsu suke ci. Ke nan mutuwar ƙaramin shago ba matsalar mai shi kaɗai ba ce.

Dalilan durƙushewar suna da yawa: annobar korona, rashin wutar lantarki, haraji barkatai, rashin tsaro a hanyoyi da tsadar rance. Babu ɗaya daga cikinsu da mai ƙaramin jari zai iya gyarawa da kansa. Abu ɗaya da ke hannunsa shi ne sanin kasuwar da zai shiga kafin ya shiga, kuma shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba baƙon abu ba ne

Idan aka ce binciken kasuwa, da yawa kan ɗauka aiki ne na manyan kamfanoni masu ɗaukar ƙwararru da biyan miliyoyi. Alhali kuwa tambayoyi huɗu ne kawai ake neman amsarsu: wa zai saya, nawa zai iya biya, a wurin wa yake saye a yanzu, sannan me zai iya faruwa ya rushe lissafin.

Tsofaffin 'yan kasuwa sun daɗe suna wannan aiki ba tare da sun sa masa suna ba. Mai safarar tumatir daga Kano ko Katsina ba ya loda mota sai ya kira dillalinsa a kasuwar Mile 12 ya ji motoci nawa suka sauka da asuba da kuma yadda kwando ya kwana. Mai sayen doya a Zaki Biyam ta Jihar Binuwai, ko mai kai shanu kudu daga Fataskum, haka yake yi. Yaron da ya yi shekaru a shagon ubangidansa a Kantin Kwari, ko a babbar kasuwar Onica, kafin a sallame shi ya san irin kayan da ke tafiya, da watan da kasuwa ke mutuwa, da abokin cinikin da ba a ba shi bashi.

Abin da ya sauya shi ne masu shiga kasuwanci a yau da yawansu ba su yi wannan zaman koyo ba. Ma'aikata ne da suka yi ritaya, da matasan da suka gama karatu babu aiki, da matan aure da ke neman abin rufin asiri. Sannan farashi ya daina tsayawa wuri ɗaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, lissafin da aka yi wata uku da suka wuce kan iya zama tsohon labari.

Bayanan da ke ajiye kyauta

Akwai tarin bayanai da hukumomi ke fitarwa da kuɗin jama'a, waɗanda kowa zai iya ɗauka a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba.

A kowane wata NBS na fitar da rahoton hauhawar farashi, da wani rahoto na daban kan farashin zaɓaɓɓun kayan abinci kamar shinkafa, wake, garin rogo, ƙwai, tumatir da albasa, wanda ke nuna jihar da kaya ya fi tsada da wadda ya fi araha. Tana kuma fitar da na man fetur, dizal, kananzir, iskar gas ta girki da kuɗin mota. Mai gidan abinci da ya jera rahotannin watanni goma sha biyu zai ga watan da wake ke sauka da watan da yake tashi, ya san lokacin da ya kamata ya saya ya ajiye. Mai gidan burodi ko mai injin niƙa zai ga inda dizal ya dosa kafin ya yanke wa abokan cinikinsa farashi.

Babban Bankin Najeriya na wallafa farashin musayar kuɗi da kuɗin ruwa, da binciken da yake yi kan yadda 'yan kasuwa da magidanta ke hangen watanni masu zuwa. Ga masu harkar amfanin gona, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na fitar da rahoton yadda damina ta kasance duk shekara, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kuma na fitar da hasashen saukar ruwa da ɗaukewarsa tun farkon shekara. Mai son fitar da riɗi, citta ko zoɓo waje zai samu bayani a Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, da shafin Trade Map na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, inda ake ganin ƙasar da ke sayen kowane kaya da yawan abin da take saye.

Ko tambayar nan ta yadda abokin ciniki zai biya tana da amsa. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan mutane a Najeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma sun fi yawa a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas da yankunan karkara. Wanda zai gina sana'arsa kan biya ta waya kaɗai ya kamata ya san wannan.

Wayar hannu ma kayan bincike ce. Shafukan Jiji da Jumia na nuna farashin da wasu ke sa wa irin kayan da mutum ke son sayarwa, ƙorafin masu saye da ke ƙarƙashin kowane kaya kuma na nuna giɓin da wani zai iya cikewa. Google Trends na nuna lokacin da neman wani kaya ke ƙaruwa a shekara da jihohin da aka fi nemansa.

Inda alƙaluman suka tsaya

Sai dai duk amfanin waɗannan bayanai, suna da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba suna iya ɓatar da shi.

Na farko, rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk adadin da ake ambata a yau na yawan mutanen wata jiha ko ƙaramar hukuma hasashe ne da aka ɗora kan waccan ƙidaya. Unguwanni irin su Lugbe da Kubwa a Abuja, ko Ikorodu a Legas, sun sauya kama ƙwarai tun daga lokacin, haka ma garuruwan da suka karɓi dubban mutanen da rikici ya raba da gidajensu.

Na biyu, alƙaluman ƙasa matsakaici ne. Farashin da aka ce shi ne na Jihar Neja ya haɗa na Minna da na Suleja da na kasuwannin ƙauye, alhali mai shago a layi ɗaya yake zaune. Rahoton kuma kan fito ne makonni bayan watan da yake magana a kai.

Na uku, akwai kuskuren fahimta. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100, sai ga ta a kashi 24.48 a Janairun 2025. Ba kaya ne suka yi araha cikin dare ɗaya ba. NBS ce ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake tsara nauyin da kowane rukunin kaya ke da shi a lissafin. Bayan haka, ko da adadin ya sauka da gaske, ma'anarsa ita ce tashin farashi ya rage gudu, ba wai farashin ya koma baya ba. Ɗan kasuwar da ya ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta sauka, ya ɗauka aljihun jama'a ya cika, zai yi sarin da ya fi ƙarfin kasuwarsa.

Na huɗu, ba kowane adadi da ke yawo a intanet ne bincike ba. Bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok masu alƙawarin ribar dubban ɗaruruwa a wata daga kiwon tarwaɗa ko injin yin sabulu. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: wa ya fitar da wannan lissafi, kuma me yake sayarwa? Mai sayar da injin, ko 'yan tsaki, ko kujerar taron horarwa, ribarsa na cikin shigar mutum sana'ar, ba cikin ɗorewarsa ba. Irin wannan lissafi ba safai yake ambatar kajin da za su mutu, ko man janareto, ko kayan da za su kwana ba a saya ba.

Binciken ƙafa

A nan ne aikin ya dawo kan mai jarin. Alƙaluman hukuma za su nuna masa inda iska ta dosa, amma ko shagonsa zai yi ciniki, sai ya je wurin da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

Matakin farko shi ne ƙirge. Kafin a biya kuɗin haya, a zauna kusa da wurin da littafi da biro, da safe da rana da yamma, ranar aiki da ƙarshen mako, har tsawon mako ɗaya ko biyu. Mutum nawa ke wucewa? Nawa ke shiga shagon da ke sayar da irin kayan? Me suke fitowa da shi?

Daga nan sai lissafi. A ɗauki misalin shagon da hayarsa naira 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata. A ƙara 40,000 na wuta da mai, da 30,000 na yaron shago. Jimilla naira 120,000 ke nan a wata. Idan ana buɗewa kwana 26, dole shagon ya samar da ribar kusan naira 4,600 kowace rana kafin mai shi ya ga ko sisi. Idan ribar da ake samu a kan kowane mai saye naira 200 ce, ana buƙatar mutum 24 a kullum don kawai a mayar da abin da aka kashe. In ƙirgen ya nuna cewa shagon da ya riga ya kafu a layin mutum 30 yake samu a yini, to amsa ta fito tun kafin a sa hannu a takardar haya.

Mataki na biyu shi ne tambaya, amma tambayar tana da ƙa'ida. 'Yan uwa da abokai za su ce sana'ar ta yi kyau saboda kara, ba don za su saya ba. Baƙo ma idan aka tambaye shi ko zai sayi kaza, zai ce zai saya don a rabu lafiya. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce ta abin da ya riga ya faru: yaushe ka sayi irin wannan kaya na ƙarshe, a ina, nawa ka biya, me bai yi maka daɗi ba? Mutum ashirin ko talatin da ba su san mai tambayar ba sun fi dangi ɗari amfani. Masu dako, direbobin da ke sauke kaya, 'yan sari da shugabannin ƙungiyar kasuwa su ma sun san abin da babu shi a kowane rahoto, musamman kuɗaɗen shiga ƙungiya da na jami'an ƙaramar hukuma da sabon shiga ba ya sa wa a lissafi.

Mataki na uku shi ne gwaji. Mai son buɗe gidan abinci ta fara da kula ɗaya a bakin tasha ko ƙofar ma'aikata na wata guda. Mai son sarin atamfa ya fara da turmi goma, ba dila ba. Kuɗin da mutum ya ciro daga aljihunsa ya biya shi ne shaidar da ta fi kowace amsa ƙarfi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu shi ne rubutu. Littafin da ake rubuta cinikin kowace rana, da abin da aka nema ba a samu ba, da bashin da aka bayar, bayan wata shida ya zama rahoton da babu wata hukuma da za ta iya ba mai shagon irinsa. Wanda ke tara lambobin wayar abokan ciniki kuma ya tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta a yi amfani da su ta halattacciyar hanya, ba a sayar ko a raba su yadda aka ga dama ba.

Ƙarfin aljihu da sauyin doka

Abubuwa biyu ne masu sabuwar sana'a suka fi mantawa da su. Na farko shi ne bambancin da ke tsakanin son kaya da iya sayensa. Rahoton NBS kan yadda magidanta ke kashe kuɗi a 2019 ya nuna cewa kashi 56.65 cikin 100 na abin da suka kashe a kan abinci ya tafi, kuma wannan tun kafin tsadar shekarun baya-bayan nan ne. Abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin haya, makaranta, magani da mota. Kamfanin da ya fito da madarar Cowbell a farkon shekarun 1990 ya gane haka: jama'a na son madara, gwangwani ne ya fi ƙarfinsu, sai ya zuba ta a ƙananan ledoji. Yau kusan babu kayan masarufin da ba a ƙulla shi ƙanana ba. Mai shagon unguwa da ya lura masu sayen mudu sun koma sayen gwangwani, ya sauya awonsa, shi ma binciken kasuwa ya yi.

Na biyu shi ne matakin gwamnati. A watan Fabrairun 2020 Jihar Legas ta hana acaɓa da Keke Napep a wasu manyan sassan birnin, abin da ya shafi dubban matasan Arewa da ke sana'ar da kuma kamfanonin da suka zuba maƙudan kuɗi a harkar. A Janairun 2024 jihar ta haramta robar zuba abinci ta kumfa. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, kuma da farashin hatsi ya sauka a 2025, da yawa daga waɗanda suka saya da tsada suka ajiye a sito sun tafka asara. A Agustan 2025 aka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗanya na wata shida, farashinta ya faɗi a hannun masu tarawa. Tun a 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Ba kowane mataki ake iya hangowa ba, amma da yawa sukan yi ta yawo a labarai da zauren majalisa kafin su tabbata. Sauraron labarai da kunnen ɗan kasuwa, da tambayar ko kayan na buƙatar rajistar NAFDAC ko wani lasisi, duk cikin binciken suke.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan ƙananan 'yan kasuwa. Kusan dukkan rahotannin da aka ambata da Ingilishi suke fitowa, cike da jadawalin da ke da wuyar karantawa a ƙaramar waya. Mai sayar da hatsi a Dawanau ko mai ɗinkin takalma a Ariariya ta Aba da harajinsa aka tattara bayanan, amma ba a rubuta su dominsa ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne. NBS da SMEDAN za su iya fitar da taƙaitaccen bayanin farashi na shafi ɗaya duk wata da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Buroka, a karanta a gidajen rediyo, a tura wa ƙungiyoyin kasuwa ta WhatsApp. Hukumomin ƙididdiga na jihohi za su iya sauko da bayanan zuwa matakin ƙaramar hukuma da manyan kasuwanni. Shirye-shiryen tallafi da rance su daina gamsuwa da takardar tsarin kasuwanci da aka kwafo a shagon kwamfuta aka sauya suna kawai, su riƙa tambayar mai nema mutum nawa ya ƙirga, su wa ya tambaya, me ya gwada. Sama da duka, ƙasar na buƙatar sabuwar ƙidayar jama'a.

Kafin a kai ga haka, lissafin mai ƙaramin jari a fili yake. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, abin da ya sa rancen bankunan kasuwanci ya yi tsadar da ƙaramar sana'a ba ta iya ɗaukar kuskure ko na wata uku. Wanda kuma ya zuba kuɗin sallamar shekara talatin da biyar na aiki ba shi da wani na biyu da zai sake gwadawa da shi.

Akan ce kasuwa sa'a ce, kuma gaskiya ne bincike ba ya ba da tabbacin riba. Abin da yake yi shi ne raba mutum da asarar da tun farko a bayyane take ga duk wanda ya tsaya ya duba. Mako biyu na ƙirge da tambaya, da littafi ɗaya, da kuɗin data kaɗan, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jarin da ake shirin zubawa ba. Wani lokaci sakamakon zai ce a ci gaba, wani lokaci ya ce a sauya wuri ko a rage awo, wani lokaci kuma ya ce a haƙura. Ko wannan amsa ta ƙarshe riba ce, domin uwar kuɗi tana nan. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.